Yadda Al'umma Za Ta Nemi Tallafin Gwamnati Don Filin Wasan Da Kowane Yaro Zai Iya Shiga

Yawancin kwamitocin da ke neman gwamnati ta taimaka musu da filin wasan yara suna fara takardarsu da jerin kaya: lilo kaza, sulu kaza, ragar ƙwallo biyu. Alhali kayan wasa su ne mafi sauƙin samu, kuma su ke fara lalacewa. Abin da ke raya fili shekara goma shi ne takardar da ta tabbatar da cewa na yara ne, da hukumar da ta ɗauki nauyin gyara, da babban mutum da zai kasance a wurin idan yara sun zo. Shigar yaro mai keken guragu ko yarinya makauniya kuwa, ƙofa da daɓen ƙasa da banɗaki ne ke yanke hukuncinta tun kafin a kai ga lilo. Duk wanda zai tunkari hukuma, waɗannan ya kamata ya sa a gaba.

Madogarar da za ku tsaya a kai

Kada ku je ofis kamar masu roƙon alfarma. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, a sashe na 31, ta ce kowane yaro yana da haƙƙin hutu da wasa da nishaɗin da ya dace da shekarunsa. Duk ƙasashen da ke cikin Majalisar sun amince da ita in ban da Amurka. A 2013 kwamitin da ke sa ido kan yarjejeniyar ya fitar da sharhi na 17, wanda ya fayyace abin da ake jira daga gwamnatoci: doka, kasafin kuɗi, tsarin gari da ya bar wa yara wuri, da kulawa ta musamman ga waɗanda aka fi mantawa da su, wato 'yan mata, yaran talakawa da yara masu naƙasa. Yarjejeniyar haƙƙin masu naƙasa ta 2006 ita ma, a sashe na 30, ta wajabta a ba yara masu naƙasa damar wasa daidai da sauran yara.

Akwai inda aka mayar da wannan dokar gida. Yankin Wales na Birtaniya ya yi doka a 2010 da ta tilasta wa ƙananan hukumomi su auna ko yaran yankinsu suna da isasshiyar damar wasa. Aikin aunawar ya fara a 2012, a 2014 kuma aka ɗora musu wajibcin cike giɓin da suka gano gwargwadon iko. Scotland ta sa irin wannan aunawa cikin dokar tsara garuruwa ta 2019. Ku bincika abin da dokar ƙasarku kan yara da kan masu naƙasa ta ce, ku rubuta lambar sashen a takardarku. Layi biyu sun isa. Jami'in da ya ga sashe na doka ya san akwai inda zai jingina buƙatar idan ya kai ta gaban na sama da shi.

Ku fara da ƙidaya, ku tambayi yaran da kansu

Kafin zane, ku san su wa kuke yi wa aiki. Ku kasa yaran unguwa gida uku: ƙasa da shekara 5, daga 5 zuwa 12, da matasa har 17. Sannan ku nemi yara masu naƙasa gida-gida, ta hannun iyaye, makarantu, asibitoci da ƙungiyoyin masu naƙasa. A nan ake yawan kuskure. Kwamiti zai zagaya ya ce bai ga ko ɗaya ba, alhali rashin ganinsu a waje shi ne matsalar da ake son magancewa. Asusun UNICEF ya ƙiyasta a 2021 cewa yara kusan miliyan 240 a duniya suna da naƙasa, kimanin ɗaya cikin goma. Idan kun ƙirga yara ɗari uku kuka sami masu naƙasa biyu kacal, ku sake zagayawa.

Ku ɗauki yara ƙungiya-ƙungiya, shida zuwa takwas, ku taka da su daga gidajensu zuwa filin da kuke hari. A sa mai keken guragu da mai raunin gani cikin tafiyar. Ku rubuta duk inda aka tsaya: kwatar da ba ta da murfi, titin da ba a iya tsallakawa, lungun da 'yan mata suka ce ba sa bi. Ku saurari 'yan mata su kaɗai, domin a gaban samari ba za su faɗi abin da ke ransu ba. Yaron da ba ya magana a ba shi hotuna ya nuna, kurma kuma a zo masa da mai fassarar yaren hannu. Wannan rubutu da hotunan da kuka ɗauka su ne ƙashin bayan takardar neman tallafin.

Abin da za ku roƙa

Tallafin gwamnati ba kuɗi kaɗai ba ne, kuma sau da yawa abin da ba kuɗi ba ya fi saurin fitowa. Na farko fili. Ku nemi a rubuce a keɓe shi don wasan yara, da taswira mai nuna iyakokinsa, ko dai a matsayin filin jama'a ko a ba kwamiti aro na shekaru masu yawa. Filin da aka bayar da baki, duk ranar da shugabanci ya sauya ana iya yanka shi a sayar, kuma babu mai ba da tallafi da zai zuba kuɗinsa a ƙasar da ba ta da takarda.

Na biyu aikin da hukuma ke da ma'aikatansa da injinansa: share fili, daidaita ƙasa, magudanar ruwa, fitilu, famfo, kwashe shara, da alamar tsallaka titi. Na uku kuɗin gini. Na huɗu, wanda ya fi wuyar samu kuma ya fi muhimmanci, shi ne layi a kasafin kowace shekara don gyara da albashin masu kula da wasa. Hukumomi suna son aikin da za a yanke ƙyalle a buɗe, ba sa son wanda za a riƙa biya shekara-shekara. Saboda haka ku sa buƙatar gyara a shafin farko, ku kuma ce ba ku son a fara gini sai an rubuta wanda zai ɗauki nauyinta. Shawararmu ita ce ku tsara kashe kusan kashi ɗaya cikin goma na kuɗin kayan a kowace shekara, don gyara da ajiyar kuɗin sauya abin da ya mutu.

Idan babu fili ko kuɗi a bana, akwai hanyoyi biyu masu arha. A nemi izinin buɗe filin makarantar gwamnati bayan an tashi da kuma lokacin hutu, da yarjejeniya a kan wanda ke riƙe makulli da wanda zai biya idan an yi ɓarna. Ko kuma a nemi izinin rufe ƙaramin titin unguwa na awa biyu ko uku a mako, manya su tsaya a bakin kowane ɓangare, motar mazauna titin ta shiga a hankali ana yi mata rakiya. Wasu iyaye ne suka fara irin wannan a birnin Bristol a 2009, daga baya hukumar birnin ta yi masa tsarin ba da izini, wasu garuruwa suka kwaikwaya.

Takardar kanta kada ta wuce shafi huɗu ko biyar: yawan yara, abin da suka ce, taswira, ƙiyasin kuɗi daga 'yan kwangila aƙalla uku, gudummawar da al'umma za ta bayar, da sunayen 'yan kwamiti. A sa iyayen yara masu naƙasa da matasa biyu cikin kwamitin, masu ƙuri'a kamar kowa. Ku buɗe asusun banki da sa hannun mutum biyu ko uku. Ku gano watan da ake haɗa kasafin kuɗi, ku kai takardar wata uku kafin nan. Wadda ta zo bayan an rufe kasafi sai ta jira shekara guda. Wasan yara kuma ba shi da ofis guda, ya ratsa sashen ilimi, lafiya, ayyuka, matasa da jin daɗin jama'a, kowanne yana iya cewa na ɗan'uwansa ne. Ku nemi a naɗa jami'i ɗaya da sunansa wanda zai riƙe fayil ɗin. Ga sashen lafiya, ku tuna musu cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar aƙalla minti 60 na motsa jiki a rana.

Zanen fili: daga ƙofa ake farawa

Faɗin ƙofa kada ya gaza santimita 90, gara ma mita ɗaya, ba dakali a bakinta. Shingayen ƙarfe masu lanƙwasa da ake sawa don hana babura shiga suna hana keken guragu ma, don haka a guje su. Babbar hanyar cikin fili ta kai mita 1.5, domin nan ne keke zai iya juyawa, ta kuma isa har jikin kowane abin wasa. An sha ganin hanya mai kyau ta tsaya a bakin ramin yashi, lilon yana can tsakiya mita huɗu, yaro yana kallo.

Gangara kada ta fi ɗaya cikin goma sha biyu: duk tashin santimita 1 yana buƙatar tsawon santimita 12. Dandamali mai tsayin santimita 60 ke nan yana son gangara mai mita 7.2, da shimfiɗaɗɗen wurin hutawa a sama da ƙasa. 'Yan kwangila sukan gajarta ta don rage siminti, sai ta zama ba mai hawa sai an tura shi, saukowa kuma haɗari. Ku auna da kanku tun kafin a zuba kankare. Karkatar hanya zuwa gefe don ruwa ya gangare kada ta wuce kusan ɗaya cikin hamsin, in ba haka ba keke zai riƙa zamewa gefe guda.

Daɓen ƙasa shi ne wurin da ake kai ruwa rana. Ƙa'idojin Turai na kayan wasa, EN 1176 da EN 1177, waɗanda ƙasashe da yawa ke aro, sun ce duk inda yaro zai iya faɗowa daga sama da santimita 60 sai an shimfiɗa abin da ke rage ƙarfin faɗuwa, kuma tsayin faɗuwa kada ya wuce mita 3. Idan yashi ne ko ƙananan tsakuwa marasa kaifi ko ɓarzajjen itace, zurfin santimita 20 ake so ga tsayin da bai wuce mita 2 ba, 30 ga wanda ya kai mita 3, sannan a ƙara 10 a kai saboda ƙafafun yara suna watsar da shi. Wurin lilo mai mita 8 da mita 6 a zurfin santimita 30 zai ci yashi kubik mita 14.4. Shimfiɗar ta fita aƙalla mita 1.5 daga jikin abin wasa ta kowane gefe. Idan tsayin ya wuce mita 1.5, a ɗauki kashi biyu cikin uku na tsayin a ƙara rabin mita. Abin hawa mai mita 2.4 ke nan yana son mita 2.1.

Matsalar ita ce yashi da tsakuwa suna da arha kuma suna kare kai, amma tayar keke da sandar gurgu suna nutsewa a ciki. Daɓen roba da ake zubawa yana ɗaukar keke, sai dai yana da tsada, yana zafi a rana, yana tsagewa a gefe idan ƙasan ba ta daddatsu ba ko ruwa yana kwanciya. Mafita mai ma'ana ga ƙaramin kasafi ita ce a haɗa: hanya mai tauri ta kankare ko bulo, roba a ƙarƙashin abubuwa biyu ko uku da aka fi so kowa ya kai gare su, yashi a sauran. Inda roba ta haɗu da hanya su zama daidai wa daida, ko tudun santimita biyu yana tsayar da ƙaramar tayar gaba.

Wajen zaɓen kaya, ku fifita abin da yara da yawa ke hawa tare. Lilo mai faɗin kwando yana ɗaukar yaron da ba ya iya zama da kansa a kwance, yana kuma ɗaukar abokansa uku. Abin juyawa da aka binne daidai da ƙasa keke yana shiga kai tsaye. Sulu mai faɗi da aka kwantar a jikin tudun ƙasa yana rage tsayin faɗuwa, babba kuma zai iya sauka tare da yaro. Teburin yashi da ruwa a ɗaga shi yadda gwiwar mai keke za ta shiga ƙarƙashi, kusan santimita 70. Inda yaro zai sauka daga keke ya hau abin wasa, dandamalin ya kasance tsakanin santimita 28 da 45, da abin riƙewa. Lilon da ake shiga da keke gaba ɗaya yana da nauyi ƙwarai, yana iya karya ƙaramin yaro da ya gifta, shi ya sa ake kewaye shi a kulle. Ƙarshenta yaron yana can shi kaɗai a gefe, makullin yana hannun wanda ba ya nan. Idan kuɗin bai isa duka ba, wannan ne na ƙarshe da za a saya.

Naƙasa ba ta tsaya ga ƙafa ba. Mai raunin gani yana buƙatar launi mai bambanci a bakin matakala da sandunan riƙewa, da sauyin daɓe a ƙarƙashin ƙafa kafin ya shiga gaban lilo. Yaron da hayaniya ke ruɗawa, kamar mai lalurar galahanga, yana buƙatar ɗan lungu mai inuwa nesa da cunkoso inda zai huce, amma wanda babba ke hangowa. Wasu daga cikinsu sukan ruga a guje ba zato, don haka shinge mai ƙofa ɗaya ko biyu da ake gani daga wurin zama ya fi ƙofofi barkatai. Sulun roba yana tara lantarkin gogayya da ke iya taɓa na'urar ji da ake dasa wa wasu kurame, na ƙarfe kuma yana ƙona fata idan ya sha rana. Idan za a sa na ƙarfe, a sa shi a inuwa, fuskarsa ba ta kallon rana. Allon sanarwa ya kasance da hotuna da manyan haruffa.

Banɗaki shi ke ƙayyade tsawon zaman iyali. Iyayen yaro ɗan shekara goma sha biyu da ke sa ƙunzugu ba su da inda za su sauya masa sai ƙasa, don haka ko su koma gida bayan rabin awa ko su daina zuwa. A nemi ɗaki mai wurin juyawar keke, sandunan riƙewa, ruwa, da gado mai tsawon babban mutum. Cikakken irinsa a Birtaniya yana kai murabba'in mita 12 har da na'urar ɗaga mutum, amma ko gadon kaɗai ya rage wahala mai yawa.

Matasa kuma a tuna da su. Idan aka ba filin ƙwallo kashi uku cikin huɗu na wurin, manyan samari za su mamaye shi, 'yan mata da ƙanana su koma gefe. A raba wurin ƙwallo da shinge, a yi wuraren zama masu fuskantar juna, lilo mai ɗaukar manya, haske da yamma, da hanyar fita fiye da ɗaya a ɓangarensu.

Kafin a biya ɗan kwangila kuɗin ƙarshe

Ku riƙe wani kaso na kuɗin har sai wanda ba shi da alaƙa da ɗan kwangilar ya duba aikin. Duk ramin da ke tsakanin santimita 9 da 23 haɗari ne, domin jikin ƙaramin yaro yana wucewa kai ya maƙale. Ramin da ke tsakanin milimita 8 da 25 yana kama yatsa. A duba saman sulu ko akwai tsaga da za ta kama igiyar riga, a duba kan noti da ya fito, ƙugiyar lilo da ba a matse ba, da tushen kankare da ya leƙo sama. A nemi shaidar cewa fentin ba shi da dalma. A karɓi takardar garanti da jerin kayan gyara, a kuma tabbatar ana samunsu. Abin wasa da aka shigo da shi daga nesa yakan zauna shekara a ɗaure saboda ƙarfe ɗaya da ya karye. Sannan a kawo yaran da aka yi tafiyar farko da su su gwada komai kafin ranar buɗewa.

Kada tsoron rauni ya sa a cire duk abin da ke da ɗan ƙalubale. Yara masu naƙasa ma suna son tsayi da gudu da juyawa, kuma an fi hana su. Haɗarin da yaro ba ya gani, kamar ruɓaɓɓen katako, shi ake kawarwa. Wanda yake gani ya auna da kansa, kamar hawa igiya, a bar masa.

Mutane da gyara

Mai kula da wasa ba malami ba ne, ba kuma mai gadi ba. Aikinsa ya buɗe wuri, ya fito da kayan da ba a kafe ba, irin su tayoyi, kwalaye, igiya da ƙyallaye, ya lura da yaron da aka ware, ya sa baki idan an fara cin zali, sauran lokaci ya bar yara su tsara wasansu. A nemi hukuma ta biya aƙalla mutum biyu a kowane zama, mace da namiji inda zai yiwu, kada babba ɗaya ya keɓe da yaro. A binciki tarihinsu kafin ɗauka, a horar da su kan taimakon gaggawa, farfaɗiya, da yadda ake taimaka wa yaro sauka daga keke bayan an nemi izininsa. A rubuta wanda ake kai wa ƙara idan an zargi wani da cutar da yaro, a manna a ƙofa. Shiga ta zama kyauta. Ko ɗan kuɗi kaɗan yana tace yaran da aka fi yin aikin dominsu.

Dubawa hawa uku ce. Ta ido, kullum ko mako-mako gwargwadon cunkoso: fasasshen gilashi, kashin dabbobi, yashin da ya rame a ƙarƙashin lilo da bakin sulu, a mayar da shi da manjagara. Ta aiki, duk wata ɗaya zuwa uku: a girgiza sanduna, a matse notuna, a duba sarƙa inda take cin juna. Sai babbar dubawa sau ɗaya a shekara daga ƙwararre, wanda zai tona gindin sanduna ya ga tsatsa ko ruɓa. A rubuta kowace a littafi da kwanan wata da sa hannu, domin shi inshora da hukuma za su nema idan wani ya ji rauni. Abin da ya lalace a cire shi ko a kulle shi a ranar.

Duk wata shida ku kai wa jami'in da ke riƙe da fayil rahoton shafi ɗaya: yara nawa ke zuwa a ranakun da kuka ƙirga, mata nawa, masu naƙasa nawa, me aka gyara, da rasit. Idan adadin masu naƙasa bai tashi ba, ku koma gidajen da kuka fara zuwa ku tambayi dalili. Sau da yawa amsar tana wajen shinge, a kwatar da har yanzu ba a rufe ba ko rashin abin hawa, kuma wannan sai ya shiga buƙatar kasafin shekara mai zuwa.